Aikin rani a dajin Kamuku da abin da ya rage mana a bakin Galma

Dattijo daga Tudun Wada:

Assalamu alaikum. Shekaranjiya bayan sallar asuba na bi ta gefen lambunan bakin kogin Galma a nan Zariya kamar yadda na saba, sai iska ta kawo mini warin ciyawar da aka ƙone cikin dare, raɓa ta sauka a kan tokarta. Na tsaya cak a wurin, domin babu abin da ke tuna mini da dajin Kamuku kamar wannan wari. Rani uku na yi ina aikin wucin gadi a wannan gandu da ke ƙasar Birnin Gwari, a shekarun farko bayan da Gwamnatin Tarayya ta mayar da shi gandun daji na ƙasa a 1999. Asalinsa gandun En'e (hukumar gargajiya) ne tun 1936, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,100, kuma yana maƙwabtaka da dajin Kuyambana na Jihar Zamfara.

Mu ba ma'aikatan dindindin ba ne, ba mu da kaki, ba mu da bindiga. Ana ɗaukarmu idan ruwa ya ɗauke, a sallame mu kafin a fara sharar gona. Kayan aikinmu adda ne da gatari da diga da shebur. Muna buɗe hanyoyin mota da gamba ta rufe, wadda a wasu wurare ta fi mutum tsayi, muna cike ramukan da zaizayar damina ta bari da duwatsu, muna share layin iyaka, sannan muna taya masu gadi sa wutar farkon rani.

A cikin masu gadin akwai wani tsoho da ya yi farauta a ƙuruciyarsa kafin ya kama wannan aiki. Wata safiya muna tsallaka wata ƙorama da ta kusa ƙafewa sai ya riƙe hannuna, ya nuna mini sawun kofato mai tsaga biyu a cikin yashi. Ya ce in durƙusa in duba da kyau. Da na duba sai na ga ruwa yana tsattsafowa a hankali yana cika sawun, gefensa kuma bai riga ya zube ba. Ya ce dabbar da ta taka nan ba ta yi nisa ba, kuma girman sawun na gwanki ne. Muka hau gangaren muna sanɗa, iska na bugun fuskarmu, sai ga shi tsaye a tsakanin itatuwan doka, kunnuwansa dogaye a miƙe, fuskarsa da zanen baƙi da fari. Bai fi ƙiftawa biyar ba ya juya ya shige. Tun daga ranar ban sake taka ƙasa ba tare da na dube ta ba.

Yanzu na tsufa, Kamuku kuma kowa ya san halin rashin tsaron da take ciki. Abin da ya rage mini shi ne wannan tattaki na safe. Amma sau da yawa idan mutane suka gan ni tsaye ina kallon bishiya sai su tambaye ni ko lafiya, ko na yar da wani abu ne. Shi ya sa nake tambayarku: mene ne kuke yi a waje don jin daɗin ranku kawai, kuma shin fitar da ba ta kasuwa ba, ba ta gona ba, ba ta zumunci ba, ɓata lokaci ce?

Matashi daga Sabon Gari:

Wa alaikumus salam, Baba. Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana. Na karanta labarin gwankin har sau biyu, amma ina neman afuwa zan ɗan saɓa maka. Ni tela ne, ina buɗe shago ƙarfe bakwai na safe, kuma idan an kawo wuta da dare dole in koma kan keke, saboda ban san lokacin da za a sake kawowa ba. Yawancin sa'o'ina haka suke, wani a kan babur, wani a bakin kasuwa. Wanda bai gama neman na tuwo ba yana da wuya ya tsaya kallon tsuntsu. Ga kuma rashin tsaro, wanda ya sa ko ƙauyukan da ke bayan Giwa da Shika mutum sai ya yi tambaya kafin ya je. A ganina irin wannan sha'awa ta masu fansho ce da 'yan bokon cikin jami'a.

Sannan akwai abin da ban fahimta ba a cikin bayaninka. Ta yaya waɗanda aka ɗauka su tsare daji za su zama su ne masu cinna masa wuta?

Dattijo daga Tudun Wada:

Ɗana, tambayarka ta biyu ita ce wadda ni ma na yi a makona na farko, don haka bari in fara da ita. Dajin irin namu na doka da gamba zai ci wuta kowace shekara, ko mun so ko mun ƙi, domin akwai mafarauci, akwai mai ɗiban zuma, akwai makiyayi mai neman sabon toho, akwai mai jefar da guntun taba. Abin da ke hannun masu gadi kawai shi ne lokacin da wutar za ta ci. Idan aka sa ta a watan Nuwamba zuwa farkon Disamba, lokacin da gindin ciyawa bai gama bushewa ba, tana tafiya a hankali, ba ta yin tsayi, tana tsallake wurare masu laima, kuma sau da yawa raɓar dare ce ke kashe ta. Idan aka bari har Fabrairu ko Maris, ciyawa ta bushe ƙayau, iskar rani na kaɗawa, to wannan gobara ce. Tana hawa har kan manyan itatuwa, tana kashe ƙananan kaɗanya da maɗaci da maje da suka yi shekaru suna ƙoƙarin tashi, ta bar ƙasa tsirara ruwan farko ya wanke ta.

Da yamma muke sawa, bayan iska ta kwanta. Sai mun fara share layi mai faɗi tukuna, kowa ya yanko ɗanyen reshe mai ganye ya riƙe don bugun wutar da ta nemi tsallakewa. Da hayaƙi ya tashi za ka ga shirwa sun taru a sama suna cafke farar da ke gudun wuta. Bayan mako biyu ko uku ƙunar takan yi kore shar da sabon toho, a nan ne kanki da mazo da gada ke fitowa kiwo, a nan ne kuma mai ziyara ke iya ganinsu.

Na taɓa yin kuskure a wannan aiki, kuma har yau yana damuna. Na yi gaggawar sa wuta a ɓangarena kafin iska ta gama kwantawa, don in riga sauran komawa sansani. Iska ta juya, wutar ta tsallake layi, muka kwana muna bugunta. Da gari ya waye muka tarar da wata kunkuru ta ƙone a gindin taura. Tsohon nan bai yi mini faɗa ba, ya dai sa ni na tona rami na binne ta da hannuna.

Game da lokaci kuwa, gaskiyarka, ba zan ce maka ka rufe shago ba. Amma tattakina ba ya kai awa ɗaya, kuma ina dawowa kafin masu koko su gama sayarwa.

Malama daga Samaru:

Baba, sannu da ƙoƙari, Allah Ya saka da alheri. Ni a Yankari na yi nawa, lokacin ina ɗaliba aka tura mu horon sanin makamar aiki, gandun yana hannun Gwamnatin Tarayya a lokacin, domin daga 1991 ne zuwa 2006 yake gandun ƙasa kafin a mayar wa Jihar Bauchi. A tsakiyar rani muka je, lokacin da ruwa ya ƙafe ko'ina sai kwarin kogin Gaji, shi ya sa dabbobi ke tattaruwa a can. Aikinmu shi ne mu bi motar masu yawon buɗe ido safe da yamma da takarda a hannu, mu rubuta kowace dabba da muka gani, adadinta, wurin da lokacin. Gwambaza da ɓauna da gadu da gwaggon biri kusan kullum sai mun rubuta su, giwaye kuwa sai an yi sa'a. Bayan an tashi aiki mukan je mu zuba ƙafa a ruwan maɓulɓular Wikki, wanda ɗuminsa yake kusan digiri 31 dare da rana, kuma yana da haske har kana ganin yashin ƙasansa.

Ina so in amsa wa ƙanenmu na Sabon Gari. Abin da na dawo da shi daga Yankari ba giwa ba ce, wannan takardar ce. Ni mace ce mai aure da yara da aikin koyarwa, ba ni da damar zuwa bakin kogi da asuba. Amma akwai dalbejiya da mangwaro a tsakar gidanmu, kuma ina da littafi da nake rubuta abin da na gani tun shekaru da dama. Ina rubuta ranar da na fara ganin shamuwa kowace bazara, da ranar da ruwan farko ya sauka bayanta, da ranar da mangwaro ya fara fure. Kakata ba ta yi boko ba, amma idan ta ga shamuwa takan ce a fito da iri a duba. Ashe abin da muke kira ilimin kimiyya a aji ita tana yin sa a bakin murhu. Wannan ba ya cin kuɗi, ba ya buƙatar madubin hangen nesa, kuma babu ɗan bindigar da zai hana ka ɗaga kai ka dubi sama daga ƙofar shagonka.

Manomi daga Ƙofar Gayan:

Ina gaida Baba, ina gaida Malama. Ni ina da magana mai ɗan nauyi, ku yi haƙuri da ni. Dangin mahaifiyata mutanen wani ƙauye ne da ke bakin wani gandun daji, ba zan ambaci suna ba. Ku da kuka je aikin rani kun ɗauki albashinku kun dawo da labarin gwanki. Su kuwa da suke zaune a can, kakanninsu a dajin suke tsintar kaɗanya da ɗorawa, a can suke yankan ciyawar jinka, a can suke samun zuma da saiwar magani, rana ɗaya aka ja layi aka ce wanda ya tsallaka ɓarawo ne. Idan birai suka shiga gonar masara suka yi ɓarna babu mai biya, amma idan yaro ya kama gada ɗaya sai an kai maganar gaban hukuma. Ban ce a bar daji a cinye ba. Ina cewa ne duk labarin da za a bayar na gandu, a riƙa tunawa da wanda ya biya kuɗin wannan kyau da muke yabo.

Abu na biyu, kada mu yi kamar Bahaushe bai san fita waje ba sai da Bature ya kafa gandu. Farautar rani da karnuka da gora, kilisa da yamma, kamun kifi a kududdufi idan ruwa ya ja baya, kiwon tattabaru, langa a dandali, duk namu ne. Tsohon da ya koya wa Baba karanta sawu ai a farauta ya koya, ba a ofis ba.

Dattijo daga Tudun Wada:

Malam, ban da abin da zan musa a cikin maganarka ta farko. Na gani da idona. Akwai ranar da muka tarar da wata tsohuwa da ƙwarya cike da 'ya'yan taura a cikin iyaka, jikinta na rawa don tsoro, alhali abin da ta tsinta ko birai ba su rasa shi ba. Shugaban tawagarmu ya ce ta tafi da abinta, kuma ina ganin ya yi daidai. Gandun da maƙwabtansa ke kallonsa a matsayin abokin gaba ba ya daɗewa, domin masu gadi kaɗan ne, daji kuma ba shi da ƙofa. Mu leburorin rani da yawanmu 'yan ƙauyukan kewaye ne, Gwari da Kamuku da Hausawa, kuma na lura ƙauyen da aka ɗauki 'ya'yansa aiki shi ne ke fara aiko da labari idan baƙin mafarauta suka shigo.

Sai dai zan ƙara da abu ɗaya. Yau da masu gadi ba su iya shiga yawancin dajin, ba talakan ƙauye ne ya gaje shi ba. 'Yan bindiga ne suka mayar da shi mafaka, kuma mutumin ƙauyen da a da ake hana shi tsintar kaɗanya yanzu ko gonarsa ba ya iya zuwa cikin kwanciyar hankali. An yi asara ta kowane ɓangare.

A kan farauta kuma, na yarda mafarauci ya fi kowa sanin daji. Amma ka duba abin da ayarin farauta ke dawowa da shi a kewayen Zariya a yau: zomo ɗaya, gafiya biyu, wataƙila fakara. Iyayenmu sun ba mu labarin barewa a wuraren da yanzu gidaje ne. Tsohon nan ya taɓa gaya mini cewa daɗin farauta a wurinsa bin sawu ne har ya ga dabbar, harbin kuwa na cikin tukunya ne kawai. Shi ya sa da ya ajiye bindiga bai ji ya rasa komai ba.

Mai fatsa daga Shika:

Salamu alaikum. Ni nawa kamun kifi ne da fatsa, ranar Lahadi da yamma, wani lokaci a madatsar Shika, wani lokaci a Galma. Sanda ce ta gora, da zare, da ƙugiya, da tanar da nake tonowa a bayan gida inda ruwan wanke-wanke ke kwanciya. Wata rana in samu tarwaɗa biyu ko karfasa, wata rana in dawo hannu rabbana, kuma duka biyun ina dawowa da sauƙin zuciya. Ni direba ne, mako guda ina cikin hayaniyar tasha, don haka awa biyun nan da nake zaune ina kallon zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya a cikin ruwa sun fi mini maganin hawan jini da yawa, ko da yake ban bar shan wanda likita ya rubuta ba.

Ina da jan hankali biyu. Masu zuwa da yara su hana su wanka a ruwan da ba ya gudu, domin a nan ake ɗaukar tsargiya, ta hanyar ƙananan dodon koɗi da ke cikin ruwan, kuma yaro ba zai faɗa ba sai ya fara fitsarin jini. Sannan masu zuba maganin ƙwari a ruwa don kifi ya taso su ji tsoron Allah. Suna kashe babba da ƙarami da ƙwai, kuma mutane ne za su ci wannan kifin.

Malama daga Samaru:

Wannan jan hankali ya yi, Malam. Zan ƙara da batun yara. Mun taɓa hawa dutsen Kufena da ɗalibai ta ɓangaren Wusasa, kuma abin da ya ba ni mamaki shi ne yaran da aka haifa a Zariya, suna ganin dutsen kullum daga nesa, ba su san akwai ragowar tsohuwar ganuwa a kewayensa ba, ba su kuma san mutane sun zauna a nan tun kafin birnin ya kai yadda yake ba. Da muka kai sama suka hango rimayen cikin birni sai suka yi tsit. Wata yarinya ta tambaye ni sunan wata bishiya da Hausa, na ba ta sunan da na koya a jami'a, na Hausar kuwa sai wani mai kiwon awaki ne ya gaya mana cewa ita ce ƙirya. Ban ji daɗin kaina ba a ranar, kuma tun daga nan nake tambayar tsofaffi sunayen itatuwa ina rubutawa.

Duk mai niyyar hawa ya tafi cikin jama'a, da sassafe, ya sanar da mutanen unguwar da ke gindin dutsen, kuma ya tambaye su halin da ake ciki a ranar kafin ya ɗaga ƙafa.

Matashi daga Sabon Gari:

Na gode muku duka. Har yanzu ina nan a kan cewa talauci da tsoro sun rage wa sa'o'ina abubuwa da yawa, kuma ba laifinmu ba ne. Amma maganar Malam na Ƙofar Gayan ta tuna mini da abin da na manta. Ina yaro ina da tattabaru sun kai ashirin a ɗakin da na gina musu da laka da tsofaffin tukwane a bayan gidanmu. Na san kowace da kamanninta, na san wadda ke fara dawowa idan na watsa gero, kuma ina gane shaho ya shigo unguwa tun kafin in gan shi, daga yadda suke tashi gaba ɗaya su yi sama. Na sayar da su ne lokacin da zan biya kuɗin koyon ɗinki, ban sake waiwayarsu ba. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin irin abin da kuke magana a kai ba sai yau.

Baba, idan ba zan takura maka ba, ina so in bi ka ranar Juma'a, domin ba na buɗe shago da wuri a ranar. Ina so ka nuna mini yadda ake gane sabon sawu da tsoho, ko da na akuya ne.

Dattijo daga Tudun Wada:

Babu takura, ɗana, kuma na akuya ma ya isa a fara da shi, domin yashin bakin Galma yana riƙe sawu da kyau kafin rana ta busar da shi. Akwai na shanun Fulani, akwai na balbela, akwai jan cikin damo, wani lokaci har na tunku idan aka yi sammako. Ka same ni bayan sallar asuba, zan aiko maka da kwatancen wurin ta waya. Ka sa rufaffen takalmi saboda ƙaya, ka ɗauko rigar sanyi domin hunturu ya fara shiga, kuma idan muka bi ta cikin lambu ka taka kan kunya kawai, masu albasa sun yi dashe a makon nan.